Wasiƙa daga Kasablanka zuwa ga Kawu a Garwa

Assalamu alaikum Kawu. Ina fata kuna lafiya, da Inna da yara da abokan kasuwa. Kun ce in daina sallamar ku da "lafiya lau" a waya, in zauna in ba ku labarin aikin da nake koya da yadda zaman Maroko yake. To ga shi.

Makaranta ce ta tura mu koyon aiki a banki kafin a ba mu takardar kammalawa. Ni an ajiye ni a sashen da ke duba takardun ƙananan 'yan kasuwa masu neman jari. Maigidana a ofis ba ya tambaya ko mutum ɗan gidan wane ne. Takardar shige da ficen kuɗinsa yake buɗewa, ya bi ta wata-wata da bakin biro, ya duba ko ya biya haraji, ya ga nawa ke saura bayan an cire haya da albashin yara. Na ga takardun wata mata mai ɗinki, keke huɗu kacal, ribarta ba ta taka kara ta karya ba, amma ko zare ta saya sai ta rubuta. Aka ba ta. A makon nan kuma aka mayar da wani mai kayan gyaran mota da ya ninka ta ciniki, don kuɗin shago da na cefane duk aljihu ɗaya suke kwana.

Wallahi Kawu ku na tuna. Buhunan shinkafa da sukarin da ke fita daga shagonku sun fi na mutumin nan, kuma kaf kasuwar Garwa an san ba ku cin amana. Amma wannan shaida a bakin mutane take, banki kuwa takarda yake karantawa. Shi ya sa jarinmu bai wuce adashe da bashin ɗan'uwa, alhali tsarin lissafin kasuwanci na OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka da Kamaru da Cadi suke ciki, ya tanadi hanya mai sauƙi don ƙananan shaguna.

Na san abin da ke hana ku kusantar banki, wato kuɗin ruwa. A nan tun 2017 aka buɗe bankunan da ke aiki bisa shari'a, kuma majalisar malamai ta ƙasa ce ke duba yarjejeniyoyinsu. A murabaha, bankin ne zai sayi motar ko gidan, ya sayar maka da ribar da kuka yanke tun farko, ka riƙa biya kaɗan-kaɗan, farashin ba ya motsi. Sau da yawa ba ta fi bashin da aka saba araha ba, gaskiya ɗaya ce, amma mutum yana barci da kwanciyar rai.

Batun kaya kuwa, kada a ruɗe ku da cewa komai na waje ya fi. Burodi da ganyen shayi da kifin sardin suna da araha, dirhami ɗaya kuma kusan sefa 60 ne. Nama fa sai a hankali; abin da zan ba mahauci a nan kan kilo ɗaya, a gida sai in ƙoshi da tsire har in kai wa Inna. Gero da dawa sai an sha yawo a shagunan 'yan Afirka ta Yamma, giwan ruwan Binuwai kuwa sai dai a mafarki. Haya ce ke cinye rabin abin da kuke aiko mini.

Inda suka yi mana nisa shi ne wuta da sufuri. Ba a ɗauke wuta kamar yadda muke sha idan ruwan madatsar Lagdo ya ja baya. Jirgin ƙasa mai sauri na Al Boraq da aka fara a 2018 yana kai mutum Tanja daga nan cikin awa biyu da 'yan mintuna, mu kuwa kwana muke a jirgi daga Ngaundere zuwa Yawunde. Amma a tura kuɗi ta waya mun fi su sabo. Mai kayan miya a nan tsabar kuɗi yake so, a gida kuwa ko ɗan acaɓa yana karɓar Orange Money ko MoMo.

Wannan ma dama ce a hannunku, Kawu, don duk cinikin da ya bi ta waya yana barin shaida. Roƙona shi ne ku ware lamba ɗaya ta shago kaɗai, ku sayi babban littafi ku ba Auta ya riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita kullum bayan la'asar, har bashin da kuke ba mutane. Ya ɗauko mini hoton shafukan duk ƙarshen wata, ni zan tsara su. Idan na dawo hutu sai mu ɗauki littafin mu je banki tare.

A gaida Inna, a ce mata idan an sami mai zuwa ta aiko mini da kuka da daddawa.