Aikin takardu a merin garinmu: ma'aikata sun fita kunya, amma rufin ɗakin rajista na zuba

Salamu alaikum jama'a. Masu tambaya ko merin garinmu, wato biron magajin gari, ta gyaru ko har yanzu jiya i yau, to ni dai cikin biyar zan ba su uku da rabi, kuma zan faɗi inda sauran ya tafi. Ba zan kama sunan garin ba, ƙaramar komin ce nan cikin jihar Maradi, 'yan gida sun riga sun gane.

Abin da ya kai ni kwafin takardar haihuwar ɗiyata ne, za ta yi sartifika bana kuma mushensu ya ce ba takarda ba jarabawa. Wallahi a biron eta sibil, inda ake rajistar haihuwa da aure da rasuwa, ban ga wulaƙanci ba, kuɗin tambur kawai na biya, ba wanda ya ce mini "a ga na goro", kuma madam ɗin da ke wurin tana da haƙuri ƙwarai, a gabana wata tsohuwa ta zo da jikanta da ya kusa shiga lakol ba shi da takarda ko ɗaya, ta ce mata Inna zauna nan ki huta tukuna, sannan ta warware mata komi da Hausa dalla-dalla, cewa doka ta 2019 ta ba da kwana 60 a kai sanarwar haihuwa kuma kyauta ne, in lokacin ya wuce to sai an bi ta jastis an yi jijima, wato hukuncin alƙali mai tabbatar da haihuwar. Tsohuwar ta tashi tana sa mata albarka. Tun watan Maris na 2025 aka mai da Hausa harshen ƙasa amma takardun duka da Faransanci suke, saboda haka ma'aikacin da zai tsaya ya fassara ma talaka ba ƙaramin taimako yake yi ba.

Inda ake shan jira shi ne wajen sa hannu. Tun Afrilun 2024 da aka rusa majalisun komin babu magajin gari zaɓaɓɓe babu konseye, kantoma ke riƙe da gari, in ya fita taro takardarka sai ta kwana. Ga kwamfuta guda ɗaya, kuran na ɗaukewa aiki ya tsaya cak.

Amma abin da ya tsaya mini a rai ginin ne kansa. Tsohon gini ne tun zamanin Faransawa, kafin 'yancin 1960, bangonsa ya fi kamu biyu kauri, da baranda mai ginshiƙai da tagogin katako masu tsagi-tsagi, ka shigo daga ranar Afrilu sai ka ji sanyi ya ratsa ka babu fanka babu komi. A barandar nan kakanninmu suka riƙa biyan lanho, iyayenmu suka yi katin zama ɗan ƙasa, nan kuma konseye na farko suka zauna bayan zaɓen 2004 da aka kafa komin 265 a Nijar. Yanzu kwanon rufin ya yi tsatsa ya huje, bangon gabas ya tsage tun daga sama, yaɓen ya zube. Da Baba mai gadi ya buɗe ɗakin rajista don a nemo ta shekarar ɗiyata sai na leƙa, na ga roba biyu a ƙasa an aje don tarar ɗigo, littattafan an jibga su kan bulo an lulluɓe da leda, na can ƙasa gara ta ci gefensu, wani shafin in an taɓa sai ya ruɓushe a hannu. Na ce Baba haka ake da damina? ya ce Alhaji in hadari ya taso da dare ni ke tasowa in ja su gefe.

Dan Allah ku duba, cikin littattafan nan sunan kowa yake, haihuwa da aure da rasuwa, ranar da ruwa ya cinye su wanda takardarsa ta ɓace ina za shi ya samo wata? Gado, makaranta, aikin soja, fasfo na zuwa Makka, duka daga nan suke farawa. Kuma mu 'yan Maradi ba sai an ba mu labarin ruwa ba, a 1945 Gulbi ya cinye tsohon gari har aka tashi aka hau tudu, damanar 2024 kuma kowa ya ga gidajen da suka faɗi, har tsohon masallacin Damagaram da ya haura shekara 150 ya rushe a watan Satumba.

Na san komin ba ta da kuɗi, lanho da patanti da tikitin kasuwa ne, kuma buƙatu sun yi yawa, ga kanibo a toshe, ga shara, ga ajin zana, ga fanfon da ya lalace mata na tafiya nesa. Duk gaskiya ne. Amma a bakin layi na ji mutane na cewa gara a rushe wannan a yi sabo na siminti, ni kam ban yarda ba ko kaɗan, sabon biro sai an jira kuɗin gwamnati ko na wani purje shekara da shekaru, kuma in an gama shi zafi zai hana zama sai da kilim. Canza kwano, ɗinke tsagar nan, da sayen kabad na ƙarfe a kuma ɗauki hoton kowane shafi a aje a kwamfuta, wannan ba zai kai kuɗin aza harsashin sabo ba, kuma magina masu sanin aikin ƙasa suna nan a garin.

'Yan garinmu da ke babbar kasuwa da masu zuwa Jibiya da Katsina, in aka buɗe asusun kwano ni a sa sunana a farko, a je a samu kantoma da mai gari kafin Yuni.

Mai shirin zuwa kuma ya je da sassafe, kada ya zaɓi ranar kasuwa, ya yi fotokofinsa tun daga Maradi don shagon kusa da merin ma da kuran yake aiki.