Sharhi: Fitilun batir da na ɗaura wa jirgina na roba a tafkin Kainji

Jirgin roba irin wanda ake hura wa iska ba shi da wurin buga ƙusa ko zura noti. In ka cire katakon baya inda inji ke zama, sauran duk iska ce a cikin fata. Don haka wanda ya sayo wa irin wannan jirgi fitilun hanya, wato masu nuna wa sauran jirage inda kake da inda ka dosa, wurin da zai zaunar da su ne zai fi cin lokacinsa. Nawa jirgin tsawonsa mita 3.3 ne, injinsa mai ƙarfin doki 8, da shi nake zuwa duba kejin kifina a tafkin Kainji ta ɓangaren Yawuri. Na sayi saitin fitilun ta intanet kafin shigar hunturu, na yi aiki da su har damina ta kankama, saboda haka sun ga hazo, sun ga zafin bazara, sun sha ruwan sama.

Saitin ba na manyan kamfanonin da aka sani ba ne, irin su Railblaza na ƙasar New Zealand ko Navisafe na Norway. A cikin kwalin akwai fitilar goshi mai launi biyu, ja da kore, da farar fitila mai haska kowane ɓangare, da sanda mai zugewa wadda ta ɗan haura mita ɗaya, sai mazauni iri uku: mai tsotsar iska, mai manne a ƙasansa, da wanda ake ɗaurewa da sukuru. Kowace fitila tana cin batirin AA guda uku.

Hukumar NIWA, mai kula da hanyoyin ruwa na cikin Najeriya, ta hana jigilar mutane a ruwa da dare, kuma ina goyon bayan hakan ɗari bisa ɗari. Ni ba tafiyar dare nake yi ba. Amma mai ba kifi abincin yamma almuru kan riske shi a ruwa, kuma a watan Disamba da Janairu hazo kan rufe tafkin da rana tsaka. A daidai lokacin ne manyan jiragen katako ke dawowa daga kasuwannin Warra da Malale shaƙe da kaya, goshinsu a sama, ƙarar injinsu ta cika kunnen matuƙi. Jirgina ruwan toka ne, kuma a kwance yake da ruwa. In ba haske, ba mai ganina sai ya zo kaina.

Ma'aunin da masu ƙera irin waɗannan fitilu ke bi shi ne dokar hana karon jiragen ruwa ta duniya, wadda aka amince da ita a 1972. Don teku aka tsara ta, amma tsarinta ne matuƙa suka sani ko'ina. Ja a hagu, kore a dama, kowanne yana haska digiri 112.5 daga saitin goshi zuwa gefensa. Jirgi mai inji da bai kai mita 12 ba zai iya haɗa waɗannan da farar fitila guda mai zagaye digiri 360, kuma farar ta ɗara masu launin tsawo da aƙalla mita ɗaya. A hango farar daga mil 2 na ruwa, masu launin daga mil 1. Akwai sassauci ga jirgin da bai kai mita 7 ba kuma iyakar gudunsa bai wuce kusan kilomita 13 a awa ba: farar kaɗai ta wadatar, sai dai in da hali ya haɗa da masu launin. A lura, iyakar gudun da jirgin zai iya yi ake nufi, ko da kai a hankali kake tafiya. Nawa yana wuce haka in ni kaɗai ne a ciki, don haka sai da duka biyun.

Hasken dai ba ni da ƙorafi a kansa. Na ajiye ƙanena a gaɓa da waya, na nausa cikin tafki bayan magariba ina juya jirgin, yana faɗa mini launin da yake gani. Launukan ba sa shiga juna, daidai saitin goshi ja ke ƙarewa kore ya fara. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin da shi wanda ke nufo ka zai gane inda ka dosa.

Mazauni mai tsotsar iska bai yi ba ko kaɗan. Fatar jirgin a lanƙwashe take, tana da 'yan gurza-gurza, kuma tana motsi da kowace igiyar ruwa. Yana kamawa a kan murfin inji saboda santsinsa, amma can ma ba zan amince masa ba tare da igiya ba. Mai manne ya fi shi. Na goge wurin tas, na liƙa, ya riƙe duk tsawon hunturu. Da zafin Afrilu ya tsananta sai bakinsa ya fara ɗagowa, ƙasan ya yi danƙo. Dalilin shi ne fatar jirgina PVC ce, wato wani nau'in roba, kuma sinadarin da ke sa ta laushi yana tsattsafowa in ta sha rana, ya kashe ƙarfin mannen.

Abin da ya zaunar da fitilar goshi daram shi ne gam mai haɗi biyu, wanda ake gauraya ruwa iri biyu kafin a shafa, irin na facin jirgin roba. Kafin ka saya, san irin fatar jirginka, don gam ɗin PVC daban, na Hypalon (ɗaya nau'in fatar da ake jirgin roba da ita) daban, kuma in ka musanya su aikin ba zai daɗe ba. Leƙa ta bakin bawul ɗin hura iska: PVC launinta ɗaya ciki da waje, Hypalon kuwa cikinta baƙi ne ko toka mai duhu. Ko ka ɗan goga samfefa a ɓoyayyen wuri, Hypalon za ta dushe ta yi gari, PVC za ta karce kawai.

Na hura jirgin ya cika tam, na ja zare daga tsakiyar katakon baya zuwa tsinin goshi don in sami layin tsakiya. Nan ne wurin natsuwa. In mazaunin ya karkace ko da kaɗan, mai tahowa kusa da saitin goshinka zai iya ganin ja inda ya kamata ya ga kore, ya ɗauka ka nufi wani wajen. Na zagaye wurin da fensir, na kewaye da tef ɗin takarda, na goge da sinadarin asiton har tsumman ya daina ɗaukar datti. Na shafa gam siriri a fatar da ƙasan mazaunin, na bari ya sha iska, na sake shafa na biyu. Da ya kai in ka taɓa da bayan yatsa yana ɗan kamawa amma ba ya biyo ka, sai na ɗora na danna da gindin cokali daga tsakiya zuwa baki, ina korar iska. Wannan gam ba ya ba ka damar gyara, inda ya sauka nan ya zauna. Na bar jirgin a inuwa kwana biyu cur, ko da yake cikakken ƙarfin gam ɗin sai ya kusa mako. Ba ya son laima, saboda haka a yi aikin da rani, da safe kafin rana ta yi zafi. Wanda ya bari sai Agusta zai ga fuskar gam ɗin ta yi fari-fari, alamar danshi ya shige shi ke nan.

Farar fitila kuwa katakon baya ne gidanta. Na ɗaure mazauninta da sukuru marasa tsatsa, na cusa abin toshe ruwa a ramukan don kada katakon ya ruɓe, a gefen da hannun inji ba ya kaiwa in ana juyawa. Sandar ta cika sharaɗin mita ɗaya, kuma ta wuce kaina in ina zaune, wanda ya zama dole, in ba haka ba jikina zai tare hasken ta gaba. Sai dai tana lilo sosai in ana gudu, maɗaurin zugewarta kuma yana sassautawa, sai na riƙa ƙara murɗa shi. Hasken yana sauka a cikin jirgi ya kashe ido, ka kasa ganin gorunan ragar masunta da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye. Na yanko faifan baƙar roba mai faɗin tafin hannu na sa a ƙarƙashin fitilar, ya tare abin da ke zubowa ƙasa ba tare da ya rage na gefe ba. Ƙwari kam ba magani, da an kunna sun taru a kanka.

Akwai abin da takardar cikin kwali ba ta ambata ba. Iskar da ka hura da rana tana raguwar ƙarfi da sanyin yamma, fatar ta saki, fitilar goshi ta sunkuya ko ta kwanta gefe. Ina ƙara iska kaɗan da famfo kafin in taso. Haka kuma in ka buɗe wa inji wuta goshi ya ɗaga, hasken sama yake tafiya. Wani dattijo mai jirgin haya ne ya ja hankalina a bakin ruwa: "Malam, in kana gudu fararka kawai nake gani, sai ka lafa korenka ke fitowa." Tun ranar nake zama ɗan gaba, ina rage gudu da zarar na ji inji a kusa.

Ruwa bai taɓa shiga ko ɗaya daga cikin fitilun ba, muddin zoben robar murfin yana da tsabta kuma an ɗan shafa masa man silikon. Makunnin ne ban so ba: dannawa ta biyu tana kai ka ga haske mai ƙyaftawa, wanda ba ya cikin tsarin fitilun hanya, kuma da jiƙaƙƙen yatsa cikin duhu sauƙin tsallakawa gare shi. Fitilar ba ta nuna batir ya kusa ƙarewa, dushewa take yi a hankali ba ka ankara ba, don haka kullum akwai sababbi a leda cikin aljihun rigar kariyata, tare da tocila.

Mai ƙaramin jirgi da ke fita ya dawo kusa da gida, saitin zai biya masa buƙata, amma ya sa kuɗin gam mai haɗi biyu da sukuru marasa tsatsa cikin lissafinsa tun farko, ya kuma ɗaure kowace fitila da siririyar igiya a jikin jirgin. Mai babban jirgi da ke da batirin inji, gara ya ja waya ya sa fitilu na dindindin.