Celica ko BMW 325i? Ɗauki Celica, ƙanena

Ƙanena, tsakanin Celica 'yar 1995 ɗin nan da BMW 325i da kake son tayarwa a gida, ni dai Celica zan ce maka. Sai dai kafin ka biya ko kwabo, ka ɗaga bonet ka ga wane inji ne a cikinta.

Tawa mai fitilu huɗu zagayayyu ce, irin waɗanda aka ƙera daga 1993 zuwa 1999. A bayan wani gida na tsince ta a Tumfure, tayoyi duk sun sace, kaji sun mayar da ƙarƙashinta wurin kwana. Maiɗakina da ta ga an jawo ta da igiya cewa ta yi na sayo akurki. Abin da ya sa na yi ƙundumbala shi ne injinta 5S-FE ne mai lita 2.2, wato injin da ke cikin Camry ta wancan zamanin. Babu bakaniken da zai ce maka bai taɓa kwance shi ba a Gombe. Fulogi, gasket, famfon ruwa, duk na Camry nake saya. Ina shimfiɗa buhu a gindin darbejiyar ƙofar gida ranar Asabar, in yi juyen baƙin mai da kaina, yara na miƙo mini sifana.

Ranar da ta shiga raina kuwa, muna hanyar Bauchi ɗaurin aure. Mun wuce Alkaleri kaɗan sai ta yi shiru, kamar an hure fitila. Bel ɗin taimin ne ya tsinke, kuma laifina ne, don an daɗe ana ce mini ya wuce kilomita 100,000 ina ta cewa sai wata ya yi. Na zauna a bakin titi da babbar riga ina lissafin kuɗin sabon inji. Ashe shi wannan injin ko bel ya tsinke fistin ba ya dukan bawul. Aka ɗaura sabo, aka daidaita taimin, ta tashi a bugu ɗaya. Ɗaurin auren ne kawai ya wuce mu. Aibinta da na sani shi ne yoyon mai ta murfin sama da ta wajen famfon mai, kuma robobi ne masu araha. Ga ta ƙasa-ƙasa, kowane tudun rage gudu sai ka hau shi a karkace.

BMW ɗin, a ba ta haƙƙinta, silinda shida ce mai lita 2.5, tana ja da ƙafar baya, kuma za ta bar Celica a baya a miƙaƙƙen titi. Amma kayan sanyaya injinta da yawa roba ne, ga su sun kai shekara talatin, ga zafin Maris da Afrilu na garin nan. Ta tafasa sau ɗaya, sai ka fara neman kuɗin kan inji. Idan kana da aljihun, bismilla.

Wani abu da ba ka tambaya ba: a Celica, bodi za ka saya, ba inji ba. Inji ko ya buga ana samun na gwanjo. Fitilar gaba, gilashin baya da bamba su ne wahala. Sai da na yi wata huɗu ina aike Ƙofar Ruwa a Kano kafin na samu fitila guda ɗaya, ita ma da tsaga. Saboda haka in ka ga gilasai da fitilu sun cika, ka riƙe ta ko da tana hayaƙi.

Ka kuma yi hattara da dillalai. Kada ka yarda ka tarar an riga an ɗumama inji. Ka je da sassafe ka taɓa shi da hannunka, a tayar a gabanka. Wasu suna ɗura baƙin mai mai kauri don ya ɓoye ƙara, wasu su cire ƙwan fitilar gargaɗi a dashbod, don haka in ka murɗa makulli ka tabbata ta kama kafin inji ya tashi. Ka tafi da ɗan maganaɗisu ka bi ƙofofi da gefen tayoyi, duk inda ya ƙi kamawa an cika wurin ne aka shafe da fenti. Ɗaga kafet ka duba tsatsa. Lambar shasi kuma ta yi daidai da ta takardun kwastan, harafi da harafi. In an ce maka takardu suna wurin Alhaji ya yi tafiya, kai ma ka yi tafiyarka.

Ka ɗauko hoton injin da na lambar da ke jikinsa ka turo nan. In 5S ne, ko 7A na Corolla mai lita 1.8, ranar Asabar bayan la'asar zan raka ka mu gan ta.