Kwana uku a Miango Rest Home, ga masu tambayata yaya wurin yake

Tun da muka dawo ake ta tare ni a ƙofar coci wai yaya wurin yake, ya dace a kai taro can ko kuwa, to bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta in huta da maimaici. Ni malamar makarantar Lahadi ce, shekarata tara ina riƙe da ajin 'yan shekara shida zuwa tara, mu goma sha ɗaya muka tashi daga Kafanchan, malaman yara zalla sai Mama matar fastonmu da ta raka mu. Gaskiya ni ban so zuwa ba. Wata biyu kafin tafiyar muka binne wata 'yar ajina, shekararta bakwai, mai ciwon sikila, ranar Lahadi ta kawo haddar ayarta ta karɓi alawa tana tsalle, ranar Alhamis aka kira ni daga asibiti. Tun daga nan in na shiga aji idona ya faɗa kan bencin da take zama sai murya ta ƙi fita, har na gaya wa dattawa su nemi wani malamin. Mama ce ta ce min, 'yata ke dai haɗa jakarki, in mun dawo kina nan kan bakanki sai ki ajiye aikin.

Ga wanda bai sani ba, Miango tana ƙaramar hukumar Bassa ne a jihar Filato, ƙasar Irigwe, daga Jos ba ta cin awa ɗaya a mota in hanya lafiya. Mu dai ta ci mana fiye da haka don direban bas ɗin da muka ɗauko ya ce ya san hanya kamar tafin hannunsa ashe bai taɓa wuce Jos ba, sau uku muna tsayawa tambaya. Ku nemi wanda ya taɓa zuwa, kuma ku shiga da rana tsaka, kowa ya san yankin ya sha hare-hare musamman a 2021, babu dalilin tafiyar dare.

Wurin tsoho ne sosai, 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka kafa shi tun 1914 don su riƙa hawowa tudu suna hutawa daga zafi da zazzaɓin wuraren da suke aiki, wato ya girmi ekklesiyar ECWA kanta da aka kafa a 1954. Kuma tsufan yana nan a jikinsa ta hanya mai kyau, manyan itatuwa, fili ko'ina, shiru har kana jin takun ƙafarka. In otal kake nema mai kiɗa da hayaniya to ka zauna a Jos abinka. Ɗakin da aka ba mu ni da wata 'yar'uwa tsaf yake, zanen gado wankakke, ma'aikatan kuma akwai fara'a, duk inda ka gilma sai an ce sannu da zuwa. Abinci tare ake ci a kan lokaci, ni dankalin turawan ne ya tafi da ni, don na Filato daban yake da wanda ke isowa kasuwarmu bayan ya kwana uku a buhu. Sanyi fa! A watan Janairu muka je, suwaita ɗaya tak na ɗauka ina ganin ai mu ma muna da hunturu a gida, daren farko da safa biyu na kwana a cikin bargo. Wannan kam ni na jawo wa kaina. Layin wayata ma yana zuwa yana ɗaukewa, daga baya na ga ashe alheri ne.

Amma abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne maƙabartar da ke wajen ɗakin sujada. Ba ta cikin tsarin taronmu, da asuba ne barci ya ƙi zuwa na fita zagaye na tsinci kaina a can. 'Yan mishan ne kwance a wurin, kuma da na fara bin duwatsun ina karantawa sai na ga da yawa ba manya ba ne, yara ne, wani shekara biyu, wani wata huɗu, akwai wanda shekarar haihuwa da ta rasuwa ɗaya ce. Mu a aji labarin manya muke ba yara, yadda Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, waɗanda suka fara aikin SIM, suka sauka Legas a 1893, a 1894 Gowans da Kent suka rasu, Kent a Bida, Bingham kaɗai ya koma gida ya sake dawowa, shi ne sunansa ke kan asibitin Jankwano na Jos yanzu. Makarantar Kent Academy ma da ke maƙwabtaka da wurin sunan Thomas Kent ɗin ta ci, don 'ya'yan 'yan mishan aka buɗe ta. Sau nawa na ba da wannan tarihin da allo da hotuna, ban taɓa tsayawa na yi tunanin matan da suka binne jariransu a nan suka share hawaye suka koma ƙauye suna koya wa 'ya'yan wasu waƙa da karatu ba.

Ina tsugune wani dattijo ya zo da tsintsiya, bai kore ni ba bai kuma dame ni da surutu ba, ya gama share ganyen gefe ɗaya sannan ya ce, malama an yi miki rashi ne? Na ce e Baba, 'yar ajina. Ya ce Allah ya ba da haƙuri, mu ma a garin nan mun binne yara, ya ci gaba da shararsa. Wata biyu ana min ta'aziyya da dogayen ayoyi ban yi kuka yadda na yi a safiyar nan ba, har aka gama karin kumallo ban sani ba, Mama ce ta ajiye min shayi da burodi ta rufe da faranti, ko tambayata inda na je ba ta yi ba.

Don haka masu tambaya, in taron malaman yara ne ko na zumuntar mata ko mutum yana son ya keɓe da Ubangijinsa kwana biyu, ni dai na ce ku je. Ku tuntuɓe su tun da wuri don ƙungiyoyi na yawan zuwa, ku ɗauki kayan sanyi na gaske da tocila, kuma don Allah kada ku cika jadawalin da lacca tun safe har dare kamar yadda muka yi a rana ta farko, ku bar wa mutane lokacin yawo su kaɗai. In da yara za ku je ku shirya amsa, don za su ga ƙananan kaburburan nan kuma sai sun tambaya.

Lahadin da ta wuce na koma aji. Dattawa sun ce in ina so a fitar da bencin, na ce a bar shi, ƙanen yarinyar da ta rasu ya cika shekara shida an maido shi ajina kuma a nan ya zaɓi zama.