Ƙananan duwatsun zobe: daiman ko moissanite?

Amare da iyayensu a unguwannin Nima da Mamobi na Accra ba su daina tambayata wanne za a jera a gefen babban dutsen zobe ba.

A tauri, daiman ne kan gaba da maki 10 a ma'aunin Mohs, moissanite, wani dutse mai kama da daiman, na da 9.25. Dukansu za su jure wanki da aikin kicin. Abin da ya fi zubar da su shi ne sakacin maƙeri wajen ɗaurewa.

A farashi kuwa moissanite ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, domin a masana'anta ake yinsa. Ƙyallinsa ma ya fi launuka, wasu har suna ganin ya yi yawa.

Inda nake jan kunne shi ne na'urar gwaji mai auna zafi: moissanite kan tsallake ta a matsayin daiman. Saboda haka Hajiya, a rubuta miki sunan dutsen a rasit. Kuma ranar sayarwa, zinariyar ake aunawa, ƙananan duwatsu ba su cika kawo kuɗi ba, ko da daiman ne.

Mai zoben gado da babban daiman a tsakiya, daiman ya dace da ita. Mai son ado ta ajiye ragowar sidinta a zinariya, ta ɗauki moissanite.