Wasan kwamfuta na cijewa: RAM za ka saya, SSD, ko fanka ce ta toshe?

Matashi zai tara kuɗin noman rani ko na shagon cajin waya, ya hau mota daga Ringim ko Ɗambatta zuwa Kano, ya shiga Beirut Road, kasuwar kayan waya da kwamfuta, ya ce a ba shi RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, don wani ya gaya masa shi ne maganin wasa mai cijewa. Ya koma gida ya saka, wasan GTA V ya ci gaba da fitar da shi. Abin yana damuna, domin da gumi aka samo kuɗin nan. Ɗan'uwa, kafin ka sayi komai, ka fara lura da yadda matsalar take zuwa.

Idan wasan yana farawa lafiya, sai an ɗan jima ya fara ja, ko kwamfutar ta mutu gaba ɗaya, zafi ne. A wajenmu shi ne abin zargi na farko. Daga Maris zuwa Mayu zafin Jigawa da Kano kan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu ta riga ta cika fanka ta toshe hanyar iska. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, idan ta kusanci digiri 100 takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, shi ne cijewar da kake gani. Sauke manhajar HWMonitor, kyauta ce, ka duba zafin kana tsakiyar wasa. In ya wuce 90, abin da za ka kashe wa kuɗi shi ne mai gyara ya buɗe ta, ya share fankar, ya sa sabon man sanyaya furosesa. Faifan fanka da ake ɗora laftof a kai yana ɗan taimakawa, amma ɗora shi ƙarƙashin kwamfutar da ta toshe kamar yi wa mai zazzaɓi fifita ne a ɗakin da aka rufe tagoginsa. A daina kuma buga wasa a kan katifa.

Sai caja. Laftof da ke kan batir yakan rage ƙarfinsa, kuma da yawa daga cikin na Dell da HP suna gane cajar da ba ta kai ba, su rage gudu. In an rubuta 90W a ƙasan kwamfutar, kada ka karɓi mai 65W don ta fi araha. Mai kwamfutar tebur da ke aiki da janareto, in tana mutuwa duk lokacin da aka kunna firji ko injin walda a maƙwabta, UPS, akwatin batirin da ke riƙe wuta in ta yi ƙasa ko ta ɗauke, ya kamata ya saya.

Yanzu RAM da SSD, inda aka fi rikicewa. Danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka duba yawan RAM ɗin da ake ci lokacin wasa. In ya cika maƙil, ƙarin zai yi amfani. GTA V, da ya fito a kwamfuta a 2015, yana tashi da 4GB, amma masu shi 8GB suka ba da shawara, kuma Windows ma na cin nata kason. Ga abin da masu shago ba su cika faɗa ba: in kwamfutarka ba ta da katin hoto na daban, Intel HD ce ke zana mata hoto, daga RAM take aron wuri, don haka RAM guda biyu masu 4GB iri ɗaya sun fi guda ɗaya mai 8GB sauri. Ka tafi da kwamfutar kasuwa, don RAM iri-iri ne: DDR3 ba ya shiga ramin DDR4, wasu kwamfutocin ma sai DDR3L suke karɓa. SSD kuwa, ma'ajiyar fayiloli mai sauri da ke maye gurbin hard disk, zai sa kwamfutar ta tashi da wuri, wasa ya buɗe da wuri, ya rage ɗan tsayawar da ake yi idan mota ta shiga sabuwar unguwa. Ba zai sa hoton ya ƙara gudu ba. In kuɗin abu ɗaya ne da kai kuma 4GB gare ka, ni RAM zan ce ka fara saya.

Wanda wasansa ke ja tun daga minti na farko, kwamfutar ba zafi, RAM bai cika ba, katin hotonsa ne ya gaza. A yawancin laftof a manne yake, ba a canza shi. Sai dai ka sauke ingancin hoton zuwa 720p. Shi ya sa nake ba mai son buɗe gidan wasa a ƙauye shawarar kwamfutar tebur ta hannu, irin Dell OptiPlex, ya saka mata katin hoto GTX 1050 Ti mai 4GB, wanda bai wuce 75W ba, ko GT 1030 mai cin kimanin 30W, wanda ya fi dacewa da mai sola. A kula, GT 1030 iri biyu ne: mai GDDR5 da mai DDR4, na biyun ya yi ƙasa sosai a sauri ko da yake sunansu ɗaya.

Wasan da ya ƙi buɗewa sam, yana nuna 0xc000007b ko ya ce babu MSVCP140.dll, wannan ba na kasuwa ba ne. DirectX da Visual C++ na Microsoft ake sakawa, tare da sabunta direba, wato manhajar da ke tafiyar da katin hoto, duk kyauta. Wasan da aka turo maka ta filasha kuma sau da yawa bai cika ba, ko yana ɗauke da cutar kwamfuta (virus).

Duk abin da ka saya, a saka shi a gabanka a shagon, a kunna wasan da ke ba ka matsala ya yi aƙalla rabin awa kana kallon zafin, sannan ka biya, ka karɓi rasit mai ɗauke da kwanakin da aka yarda ka mayar.