Sharhi kan potentiometer mai zamiya na 10kΩ

Wannan ƙaramar na'ura da ake zame madanninta don ƙara ko rage ƙarfin lantarki ta fi irinta mai juyawa daɗin aiki, domin da kallo ɗaya mutum zai san inda madanninta ya tsaya. Haɗa ta da Arduino Uno, ƙaramin allon lantarki da ake sarrafa na'urori da shi, ba wuya: waya ɗaya zuwa ramin 5V na allon, ɗaya zuwa GND (ramin 0V), ta ukun kuma, wato ta madannin, zuwa A0 (ramin da ke auna ƙarfin lantarki), daga nan allon zai riƙa karanta lambobi daga 0 zuwa 1023, waɗanda suka isa a sarrafa hasken fitilar LED ko juyin servo, wato ƙaramin injin da ke juyawa zuwa kusurwar da aka umarce shi. Mai amfani da ESP32 kuwa, wani allo irin Arduino, ya ba ta 3.3V kawai, kada ya lalata allonsa.

Aibinta shi ne ƙura tana shiga ta tsagar, kuma lambobin sukan ɗan yi rawa ko ba a taɓa ta ba, sai an ɗauki matsakaicinsu cikin manhaja. Duk da haka, ta cancanci saye.